Haɗarin Akwatin Wuta Mai Araha a Cikin Kwamfuta

'Yan kasuwa da dama kan zuba kuɗi masu yawa wajen sayen kwamfuta, amma su tsuke bakin aljihu a kan akwatin da ke raba mata wuta. Shi ne ke sauya lantarki mai ƙarfin bolt 230 zuwa 12, da 5, da 3.3 da sassanta ke bukata. Masu araha galibi ba su da kariya idan wuta ta zo da ƙarfi, lamarin da ba baƙo ba ne a ofisoshin da ke sauyawa tsakanin wutar layi da janareta. Bugu ɗaya kan ƙone babban allon kwamfuta, har da ma'ajiyar da ke ɗauke da lissafin basussuka na shekaru. Wajibi ne Hukumar SON ta tsaurara bincike a tashar jiragen ruwa ta Apapa, masu saye kuma su dage sai an ba su takardar garanti.