Kada A Yi Gaggawar Tura Tsohuwar Kwamfuta Sito

Sau da yawa a makarantunmu, da zarar an saka wa tsohuwar kwamfuta sabon faifan ajiya ta ƙi karɓa, sai a yanke mata hukuncin tsufa, a tura ta sito. A ganina, wannan gaggawa ce da ɓarnar dukiya.

Abin da yakan hana ta karɓar baƙon kaya shi ne BIOS, wato ɗan shirin da ke zaune a kan babban allon kwamfuta, wanda yake fara farkawa ya duba kayan aiki kafin Windows ta tashi. In an rubuta shi tun kafin a ƙera kayan, mai yiwuwa ne ya kasa gane su. Alal misali, kwamfutoci da yawa na farkon shekarun 1990 ba sa ganin abin da ya haura megabait 528 a faifai. Ko a 2020, da kamfanin AMD ya fitar da Ryzen 5000, tsofaffin alluna ba su karɓe shi ba sai da aka sabunta BIOS ɗinsu, alhali sabuntawar kyauta ce.

Sai dai fa, ya kai malami, aikin na da haɗari. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutawa, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu, allon na iya mutuwa. Saboda haka a jona kwamfutar da UPS, a kuma ɗauko shirin daga kamfanin da ya ƙera allon, mai lamba daidai da tasa. Kwamfutar da ke aiki lafiya kuwa, ba a kuma shirin ƙara mata komai, a ƙyale ta.