Ranar Da Na Ƙirga Yara 21 Maimakon 22

Bayan hirar da muka yi makon jiya a kan ƙungiyoyin makaranta, wani ɗan aji shida ya aiko mini da tambaya. Ya ce shi ɗan sikawut ne tun yana aji ɗaya, ga shi jarrabawar fita ta matso, shin da ya ajiye biro shi ke nan ya rabu da kaki da ɗankwalin wuya? Amsar ita ce a'a. Da zarar ka cika shekara 18 kana iya komawa a matsayin babba mai taimaka wa malamin sikawut, aikin sa-kai, babu albashi. Abin da nake yi ke nan kusan shekara biyu yanzu, duk ranar Asabar, idan karatun jami'a ya bar ni. Amma tun da ka tambaya, bari in ba ka labarin yadda na faro, domin ban faro da kyau ba.

Ina hutun ƙarshen shekarar farko na leƙa tsohuwar makarantarmu don in gaida malamai. Malaminmu na sikawut, wanda ya riƙe ƙungiyar tun kafin in shiga makarantar, ya dube ni ya ce, "Kai, ka cika sha takwas?" Na ce na wuce ma, Malam. Ya ce to ranar Asabar in zo da kakina, yara sun yi masa yawa. Wallahi daren nan da ƙyar na yi barci. Na goge kaki har sau biyu, na sayi sabon usur, ina ta ganin kaina a gaban layi ina ba da oda.

Kuma odar na bayar. Yara 31 na tarar, na jera su a rana na sa su fareti kusan awa biyu. Wanda ya ɓata ƙafa tsallen kwaɗo, wanda ya yi dariya kamun kunne. Abin da manyan ɗalibai suka yi mana ke nan muna ƙanana, ni kuwa na ɗauka shi ne shugabanci. Malam yana ƙarƙashin darbejiya yana kallo, bai ce uffan ba. Asabar ta zagayo, yara 17 suka zo. Sai da aka tashi ya kira ni gefe ya ce, "Ƙirga waɗanda ba su zo ba. Kowanne cikinsu kai ka sallame shi. Nan ba bariki ba ne, kuma babu wanda ya tilasta musu zuwa. Ranar hutunsu suka ba mu."

Maganar ta yi mini zafi, sai dai gaskiya ce, kuma tarihin ƙungiyar ma yana bayan Malam. Mutumin da ya kafa ta, Baden-Powell, sojan Ingila ne da ya kai muƙamin janar. Duk da haka, da ya tara yara kimanin 20 a tsibirin Brownsea a watan Agustan 1907 don gwada tunaninsa, raba su ya yi gida huɗu, kowane rukuni da sunan dabba ko tsuntsu, kowanne kuma yaro ne ke jan ragamarsa. A 1908 ya fitar da littafinsa Scouting for Boys, abin ya bazu, har ya iso Nijeriya a 1915. Yau ƙungiyar tana da mambobi sama da miliyan 50 a ƙasashe fiye da 170, kuma har yanzu ginshiƙinta shi ne wannan ƙaramin rukuni na yara shida zuwa takwas da shugabansu yaro ɗan'uwansu. Aikin babba shi ne ya horar da shugabannin rukuni, ya ja da baya, ya sa ido kada wani ya ji rauni. Ni na shekara shida a cikin ƙungiyar ban gane haka ba, domin a lokacin ƙulle-ƙullen igiya da tarin bajo ne kawai a gabana.

Na rage tsawa, yara suka fara dawowa kaɗan-kaɗan. Ashe tsoron da na shuka ranar farko bai tafi ba, yana nan kwance.

Bayan wata biyu muka shirya tattaki zuwa Dutsen Kufena, nan bayan Wusasa. Malam ya rubuta wa iyaye takarda, duk wanda mahaifinsa bai sa hannu ba aka bar shi a gida, har da wani da ya yi ta kuka a bakin ƙofa. Muka tashi da yara 22, ni da Malam da wani malamin makarantar. Malam ya ce ni ne mai rufe baya, kuma duk inda aka tsaya in ƙirga kawuna. Da muka huta a gindin dutse na ƙirga, 22. Da muka hau na ƙirga, 22. Wajen saukowa na shagala da ɗaukar hoto da waya, na ce ai yanzu na ƙirga su, me zai faru cikin minti ashirin? Sai da muka dawo inda muka bar jarkokin ruwa sannan na sake ƙirgawa. Ashirin da ɗaya. Na sake, ashirin da ɗaya. Nan take cikina ya ɗuri ruwa, bakina ya bushe.

Ƙaramin cikinsu ne babu, ɗan aji ɗaya da muke kira Auta. Na zabura zan koma da gudu ina ƙwala masa kira, Malam ya riƙe mini hannu. Ya zaunar da sauran yaran wuri guda a inuwa tare da ɗaya malamin, kada garin neman ɗaya a ɓatar da uku. Ya kira shugaban rukunin su Auta, yaro ɗan shekara 14, ya tambaye shi a natse inda ya gan shi na ƙarshe. Yaron ya ce wajen wani falalen dutse da muka kewaye, ya gan shi yana ɗingishi. Mu uku muka koma, muna busa usur muna tsayawa mu saurara. Minti arba'in muka yi, ni kuwa a raina kamar kwana. Ba abin da nake gani sai fuskar mahaifin yaron da ya sa hannu a takarda.

Muka same shi zaune a bayan dutse, ƙaya ta huda takalminsa ta shige tafin ƙafa. Ya tsaya cirewa, kafin ya ɗago mun sha kwana, ya bi wata hanya ta daban, da ya ga bai gane wurin ba sai ya zauna. Wannan zaman da ya yi shi ya taimake mu, kuma abin da ake koya wa ɗan sikawut ke nan: idan ka ɓace, tsaya inda kake. Da Malam ya tambaye shi me ya hana shi magana tun da ƙayar ta soke shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce yana tsoron kada Yaya ya sa shi tsallen kwaɗo don ya ɓata layi. Ni ne Yayan. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Malam bai yi mini faɗa a gaban yara ba. Da yamma ya ce in shirya, za mu je gidan su Auta, kuma da bakina zan faɗa wa mahaifinsa abin da ya faru, tun daga hoton da na tsaya ɗauka. Na ce Malam, tun da an same shi lafiya, ba sai a bar maganar ba? Ya ce yaron zai faɗa a gida ko ba daɗe ko ba jima, kuma ranar da uba ya ji daga bakin ɗansa abin da muka ɓoye masa, ranar amana ta ƙare. Muka je. Dattijon ya saurare ni har na gama, ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya kiyaye gaba, amma ɗansa ba zai sake fita tattaki ba sai shekara mai zuwa. Ya bar shi yana zuwa taron Asabar. Ban ga laifinsa ba.

To, ƙanena mai tambaya, da duk mai irin wannan niyya, hanyar ba ta da wuya. Nemi ƙungiyar da ke da rajista a ƙarƙashin Ƙungiyar Sikawut ta Nijeriya, ta makarantarku ko ta unguwa, ka gabatar da kanka ga malamin da ke riƙe da ita. Kada ka tara yaran unguwa ka ɗinka musu kaki ka ce ka buɗe sikawut. Ranar da wani abu ya faru babu mai tsaya maka, babu kuma mai tsaya wa yaran. Za ka fara da mataimaki, kuma ina ba ka shawara ka yi wata guda cur kana kallo kafin ka ɗauki usur. Daga nan sai kwasa-kwasan horar da shugabanni, mataki bayan mataki. Babbar shaidar wannan horo ita ce wasu 'yan ƙwayoyin itace guda biyu da ake ratayawa a wuya da tsinkiyar fata, waɗanda aka fara bayarwa a 1919 a filin Gilwell da ke kusa da Landan. Malam yana da su. Ni tukuna, kwas na farko kawai na yi, kuma kuɗin mota daga aljihuna ya fito. Ku 'yan mata ma ƙofa a buɗe take, ƙungiyar Girl Guides ta faro a Ingila a 1910, ta iso ƙasar nan a 1919, kuma tana buƙatar yayye mata masu riƙe ƙanne.

Akwai ƙa'idojin da nake so ku sani tun yanzu, ko da ba za ku taɓa zama shugabanni ba, domin don kare ku aka yi su. A 2017 babban taron sikawut na duniya da aka yi a birnin Baku ya amince da manufar kare yara daga cutarwa, kuma abin da aka fi nanata mana a wurin horo ke nan. Babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai a ɗaki ko a tanti. Idan magana ce ta sirri, a yi ta a fili inda wasu ke hango ku. Ba a fita da yara sai da manya aƙalla biyu da takardar iyaye. Babu duka, babu zagi. Ni ba na tura wa yaro saƙon WhatsApp shi kaɗai, sanarwa ta hannun iyaye ko makaranta take bi. Idan wani shugaba, komai yawan bajon da ke ƙirjinsa, ya ce ka same shi kai kaɗai, ko ya ce kada ka faɗa a gida, to ka faɗa a gida ranar, ka kuma faɗa wa shugaban makaranta.

Sai kuɗi, wanda ya fi komai saurin ɓata suna. Idan yara sun haɗa kuɗin mota ko na shinkafar sansani, rubuta sunan kowa da abin da ya bayar a littafi, wani babba ya sa hannu, bayan an dawo a karanto lissafin a gaban kowa. Kada ka zuba kuɗin yara a aljihun da kuɗinka yake, ko da naira ɗari ce. Ɗalibin jami'a da aljihunsa ya yi sanyi a tsakiyar zango ya san abin da nake nufi.

Ka kuma koyi taimakon gaggawa da gaske, domin ranar da abu ya faru kai yara za su kalla. Idan yaro ya ƙone wajen girki, a riƙa kwarara masa ruwa mai sanyi a wurin kamar minti 20, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja. Idan haɓo ne, ya zauna ya ɗan sunkuyar da kai gaba, a matse wurin taushin hanci minti 10. Yawancinmu ɗaga kai sama aka koya mana a gida, hakan kuwa maƙogwaro yake tura jinin. Kafin a fita ko'ina, ka san yaron da ke da asma ko sikila, ka san asibitin da ya fi kusa, lambar wayar kowane uba tana rubuce a takarda, kada ka dogara da waya da cajinta zai iya ƙarewa. Da halin tsaro da muke ciki, yawancin kwanan sansaninmu a harabar makaranta muke yi yanzu, kuma yara suna koyon kafa tanti da hura wuta yadda ya kamata.

Wani zai ce, to me ake samu? Kuɗi dai babu. Asabar ɗinka ta tafi, wani lokaci da yammacin Juma'a wajen tsara abin da za a yi. A makon jarrabawa nakan gaya wa Malam tun da wuri cewa ba zan samu zuwa ba, domin yara sun fi yafe wa wanda ya ce ba zai zo ba a kan wanda ya yi alƙawari ya saɓa. Abin da na samu shi ne yanzu ina iya tsayawa gaban ajinmu in gabatar da aiki muryata ba ta rawa, na iya rubuta wasiƙar neman izini, na iya tsara lissafin tafiyar mutum talatin. Babu darasin da ya koya mini waɗannan a aji.

Ku da ke aji huɗu da biyar ba sai kun jira sha takwas ba. Idan an ba ka rukuni, ka san sunan kowane yaro da unguwarsu, ka lura da wanda ya fi kowa shiru, ka bar mataimakinka ya jagoranci wani abu ko da kai ka fi shi iyawa. Wannan yaro ɗan shekara 14 da ya lura Auta yana ɗingishi ya fi ni yin aikin shugaba a ranar, kuskurensa ɗaya shi ne bai faɗa da wuri ba, shi ma kuwa tsorona ne ya rufe masa baki.

Auta yana aji uku yanzu, shi ne mataimakin shugaban rukuninsu. Duk inda muka tsaya yakan riga ni ƙirga yaransa, ya ɗago hannu ya ce, "Yaya, mun cika." Ni ma sai in sake ƙirgawa da kaina. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba abin da ya kamata ya kasance cikin jakar ɗan sikawut ranar kwanan sansani, da wanda za a iya haɗawa a gida ba tare da an matsa wa iyaye ba.