Za ka fita aikin bincike ƙauye da kyamarar fim? Ɗauki mai ido biyu 🧵

1/ Ɗalibai masu shirin fita firojet su Kafin Dafga da ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, wasu sun fara sha'awar tsohuwar kyamarar fim mai hoto murabba'i, wato 6x6. Tambayar kullum: wacce za a saya? Amsata: mai ido biyu, irin Yashica Mat-124G ko Rolleicord.

2/ Fim ɗin da take ci ana ce masa 120. Nadi ɗaya hoto 12 ne kacal, kuma da dala ake shigo da shi. Don haka kuskuren zaɓi ba ƙaramar asara ba ce ga ɗalibi.

3/ Kowa Hasselblad yake mafarki. Kyamara ce ta gaske, ba musu. Amma ana cire mata ido da baya, kuma duk inda ake buɗewa, ƙurar hunturu za ta shiga. Ka hau acaɓa da ita a hanyar burji, ka ga yadda hankalinka zai tashi. Ga tsada, ga ƙara in ta ɗauka.

4/ Mai ido biyu a rufe take ruf. Yashica ɗin nan nauyinta bai fi kilo ɗaya da 'yan kai ba, ba ta buƙatar batir kafin ta ɗauka. Inda wuta sai an ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Auna haske kuma, manhajar waya ta isa. Mamiya C330 ma mai ido biyu ce, sai dai nauyinta zai gajiyar da wuyanka.

5/ Babban dalilina shi ne ladabi. Ba a kanga ta a fuska. A ƙirji ake riƙe ta, ka sunkuyar da kai ka leƙa ta sama. Dattijo a ƙofar gida ko masunci a dam ɗin Challawa ba zai ji kamar an auna shi ba. Fuskarka a buɗe, kuna ci gaba da hira.

6/ Kuma ba sabon abu ba ne a yankinmu. Malick Sidibé a Bamako da J.D. 'Okhai Ojeikere a Najeriya duk sun yi aiki da Rolleiflex. Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara kusan hoto dubu. Yau su ake dubawa in ana son sanin kitson wancan lokacin.

7/ Tana da nata matsalolin fa. Hoton da kake gani a ciki dama ta koma hagu, sai ka saba. Ba ta kusantar abu ƙasa da kamar mita ɗaya, don haka rubutun ajami ko zaren saƙa, waya ta fi. Ranar nan tamu kuma fim mai ISO 100 ko 125 take so.

8/ Kafin ka biya: buɗe baya ka duba idon ko ya yi hazo, gwada duk saurin ɗaukarta, sannan ka san wa zai wanke maka fim ɗin. Baƙi da fari ana iya wankewa a ɗaki. Kada ka bar fim cikin zafin mota.

9/ In ka gama, ka buga hotunan ka mayar wa masu su. Wanda ya ba ka fuskarsa yana da haƙƙi a kanka.