NIYYA KYAUTA CE, AIKI KE DA TSADA

Jama'a, babu abin da ya fi niyya arha a ƙasar nan. Da zarar an shiga sabuwar shekara ko an sha ruwan azumin ƙarshe, sai ka ji kowa yana ƙulla alkawari da ransa. Wannan zai gina gida, wancan zai koma makarantar dare, wani kuma zai rabu da cin bashi har abada. Kafin wata ya zagayo, zancen ya bi ruwa. Laifin kuwa ba na niyyar ba ne. Masu ita ne ba su yanka ta gunduwa-gunduwa, suka ba kowace rana rabonta ba.

Mu ɗauki misalin Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji cikin 1877. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, ya tashi cikin almajiranci, yana 'yan aikace-aikace don ciyar da kansa. Abin da aka shaide shi da shi tun a lokacin shi ne asusu: kome ƙanƙantar abin da ya samu, sai ya ware wani abu ya jefa. Daga nan ya shiga fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja da Ankara. Da dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyada ya buɗe, sai dama ta tarar da shi da jari a hannu, ga kuma sunan riƙon amana. Lokacin da aka buɗe banki a Kano cikin 1929, an ruwaito cewa raƙuma ashirin ne suka kai masa kuɗin azurfa ajiya. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

To, abin lura a nan shi ne, jirgin ƙasa ya zo wa mutanen Kano baki ɗaya, amma waɗanda suka ci moriyarsa sosai su ne waɗanda suka daɗe suna shiri. Lodin raƙuman nan daga bakin asusu ya faro. Gaskiyar Hausawa da suka ce da yayyafi kogi kan cika.

Sai dai kuma aikin yau da kullum ba ya ɗorewa idan babu hali a ƙarƙashinsa. Mun ga haka a shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a da gwamnatin soja ta ƙaddamar cikin Maris 1984. An bi layi a tasha da gidan waya, ma'aikata sun riƙa isa ofis a kan lokaci, an share tituna. Amma bayan juyin mulkin Agusta 1985, da dorina ta ja baya, mutane da yawa suka koma gidan jiya. Ɗa'ar da tsoro ya kafa, tare da tsoron take tafiya. Wadda mutum ya ɗora wa kansa don ya yarda da ita, ita ce ke raka shi inda babu mai ganinsa.

Saboda haka duk mai niyya ya tambayi kansa abu biyu. Na farko, mene ne rabon yau a cikin wannan niyya? Mai son gida ya san nawa zai zuba a adashi kowane mako. Mai son karatu ya ware sa'a guda bayan Isha'i, ya tsare ta kamar yadda gardi ke tsare tilawarsa har ya haɗa izu sittin. Na biyu, me zan bari domin ta? Niyyar tara kuɗi ba ta zama ɗaki ɗaya da gasar anko da liƙi a gidan biki. Tilas ɗaya ta fita.

Wasu za su ce ai kome nufin Allah ne. Babu musu. Amma manomin da bai yi sharar gona ba, bai yi shuka ba, bai yi noman firi da maimai ba, ba shi da bakin yin ƙorafi ranar da maƙwabcinsa ke cika rumbu. Dogaro ga Allah yana tafiya ne da fartanya a kafaɗa.

Kowa ya duba niyyar da ya ƙulla bara, ya ƙirga kwanakin da ya yi mata aiki. Idan lissafin ya ba shi kunya, to, gobe da asuba ya fara. Allah Ya ba mu ikon cikawa, amin.