An Bar Jaki Ana Dukan Taiki



Duk majalisar da ka zauna a nan Samaru, daga teburin mai shayi har ƙofar masallaci bayan la'asar, in aka ɗauko zancen fim hukuncin ɗaya ne: 'yan fim sun ɓata tarbiyya. Ka tambayi mai maganar me ya gani, sai ya ce rawa da waƙa, mace ba mayafi, saurayi da budurwa suna zagaye bishiya. In aka koma kan littattafan Hausa, su ma laifinsu soyayya. Sai a yi Allah wadai, a tashi. To ni dai ina cewa wannan hukuncin rabi ne, kuma rabin da aka bari shi ya fi haɗari a gare mu, mu mazauna ƙasar Zangon Kataf. Mun zuba wa rawa ido, mun bar ramuwar gayya tana shiga ɗakunan 'ya'yanmu kowane dare.

Kada wani ya ce liman ya halatta rawa. Ban halatta ba, kuma a gidana an san haka. Amma mu duba inda muka samo wannan ra'ayin da muke maimaitawa. Daga Kano muka aro shi. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau da shirin A Daidaita Sahu, aka ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a. A 2016 malamai suka tashi tsaye har gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa. A shekarar dai ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda wani bidiyon waƙa. Ka lura, duk wannan hayaniyar a kan mace da namiji take. Kano na da dalilanta. Amma wa ya taɓa jin an tara jama'a saboda fim ɗin da jarumi ya sare mutum hamsin kafin a tashi?

Bari in faɗa muku abin da yaranmu maza ke kallo, domin ni a kasuwa nake wuni, ina ganin layin da ake yi a shagunan masu tura fina-finai a waya. Yaro ɗan shekara 14 ba ruwansa da rawar Kannywood, shi wannan kallon mata ne a wurinsa. Abin da yake nema fassarar Indiya, irin ta Algaita da makamantanta, wadda aka ɗora wa Hausa har da baƙar magana da kirari. Labarin kusan kullum ɗaya ne. An kashe wa jarumi uba ko an ci mutuncin ƙanwarsa. Ya je wurin 'yan sanda, bos ya saye su. Ya je kotu, an saye alƙali. Sai ya ɗauki adda. Daga nan har ƙarshe jini ne, yara kuwa suna ihu, suna cewa namiji.

Darasi uku yaron ya kwana da su. Na farko, hukuma ba ta da amfani, hannunka shi ne alƙalinka. Na biyu, duk wanda ke tsaye kusa da maƙiyinka shi ma maƙiyi ne. Waɗancan mutum hamsin da aka sare, ba wanda ya tambayi sunansu, ba a nuna uwarsu tana kuka, ba a nuna jana'izarsu. Na uku, mai haƙuri matsoraci ne. Don Allah, jama'a, a wace ƙasa muke zaune da za mu bar irin wannan karatun ya zama na kullum?

Waɗanda suka kai shekaruna ba sa bukatar a tuna musu, amma yara su ji. A Maris na 1987 rigima ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ta bazu har Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina. A 1992, Fabrairu da Mayu, abin da ya faru a Zangon Kataf ya faru, ya kuma tsallaka Kaduna da Zariya. A Afrilun 2011, bayan zaɓe, Zonkwa da Kafanchan sun ga tashin hankali. Kowane karo hanyar ɗaya ce. An taɓa wani a wani wuri, labari ya iso, sai a huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba, don kawai yarensu ɗaya ko addininsu ɗaya da wanda ake zargi. Musulmi sun binne nasu, Kirista sun binne nasu. A fim jarumi yana gamawa ya share jini, ya auri budurwarsa, a rubuta ƙarshe. Mu kuwa nan mun san abin da ke biyo baya: marayu, shagon da ya ƙone da jarin shekara ashirin, da maƙwabcin da kuka girma tare amma yanzu gaisuwa ma da ƙyar.

Na san amsar da za a ba ni. Wani zai ce, Malam, ai fim ne kawai, ku ma kun kalli Sholay, shi ma labarin ramuwa ne, ba ku zama 'yan ta'adda ba. Gaskiya ne mun kalla. Amma mu sai mutum ya je birni, ya biya kuɗin sinima, ya zauna cikin jama'a, sannan ya yi watanni bai sake gani ba. Yaron yau fim yana aljihunsa, ya toshe kunne, ya lulluɓe da bargo, ya kalli biyu kafin asuba, ba babban da zai ce masa wannan ƙarya ce. Kuma ban ce fim ne ya jawo 1992 ba. Kowa ya san maganar kasuwa ce da fili da sarauta da siyasa. Abin da nake cewa, mai ƙyasta ashana daban, mai busar da ciyawa daban, kuma duk manomin da ya ga gobarar hunturu ya san aikin kowannensu.

Haka abin yake a littattafai. Dattijon da bai taɓa buɗe ko ɗaya ba zai haɗa su duka ya ce shirme. Ai labarin bindiga da 'yan fashi ba yau aka fara ba. Zamaninmu 'yan sakandare ke karanta James Hadley Chase, marubucin nan na Ingila, su zo su ba mu labari, kuma galibi ɓarawon ba ya cin kuɗin da ya sata. A 1982 Bature Gagare ya fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa, cike yake da makamai da kisa, amma sunan littafin kaɗai ya gaya maka inda mugu zai ƙare. To ma'aunin ke nan. In labari ya nuna jini, ya kuma nuna abin da jini ke jawowa, ya yi wa'azi. In ya nuna jini ya ɗora wa mai zubar da shi rawani, guba ne, ko da kowace mace a cikinsa ta sa hijabi har ƙasa.

Su kuma littattafan da muke zagi a dunƙule, akwai wanda ya kamata magidanta su karanta. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, labarin ɗan kasuwa ne da ya kori uwargidansa da 'ya'yanta saboda sabuwar amarya, alhaki ya bi shi har gida. Ko dai shi ya sa wasunmu ba sa son a ambace shi?

Mu da muka zauna gaban malamai mun karanta babin jini da haddi a Risala. Kisasi hukunci ne da ke hannun alƙali, bayan shaidu da bincike, kuma a kan wanda ya aikata kaɗai. Ba a kama ƙane da laifin wa, balle mutumin da ke wucewa a babur. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga Makka a shekara ta 8 bayan Hijira da ƙarfi a hannunsa, ya yafe wa waɗanda suka kore shi. Annabi Yusuf, alaihis salam, ya samu 'yan'uwansa a tafin hannunsa, ya ciyar da su. Wannan muke koya wa yara a Islamiyya awa biyu da yamma, sannan waya ta koya musu kishiyarsa awa huɗu da dare.

Ban ce a ƙona komai ba, ƙonawa ba ta taɓa hana karatu ba, balle abin da ke cikin waya. Roƙona ga iyaye maza: maimakon zaman majalisa kuna zagin 'yan fim ɗin da ba su san kuna yi ba, ku zauna da yaronku ku kalli abin da yake kallo, ko sau ɗaya a mako. In an gama ku tambaye shi: wancan da aka kashe a bakin ƙofa, me ya yi? Wa zai ciyar da 'ya'yansa? In ƙanensa ya zo ramuwa, a kan wa zai fara? Za ku sha mamakin amsar yaro. Malaman Islamiyya su ma su riƙa tambayar ɗalibai fim ɗin da ake yayi, su warware shi a aji. Ku kuma masu tura fina-finai, 'ya'yanmu ne ku, sana'arku kuke yi, amma in ƙaramin yaro ya zo yana neman wanda ya fi jini, ba laifi ka ce masa babu.

Gobe da safe kasuwa ɗaya za mu shiga da maƙwabtanmu Atyap da Bajju, mu sayi masararsu da cittarsu, su sayi kayanmu. Wannan zaman da wahala aka sake gina shi, kuma yaran nan ne za su gaje shi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.