Na'urar CD Mai Baki Biyu: Wacce Ya Kamata Sabon DJ Ya Saya?

Daga cikin sana'o'in da ɗalibai 'yan'uwana suke rage zafi da su a jami'a, saka kiɗa a wajen taro ko a gidan rawa tana cikin waɗanda ba a shigarsu da hannu biyu kawai. Mai aski da kilifa ɗaya zai fara, mai ɗaukar hoto ma wayarsa ta ishe shi, amma wanda yake son ya zama DJ sai ya tara kuɗi ya sayi kayan aiki. Tambayar da na sha ji daga bakin masu wannan niyya ita ce: tsohuwar na'urar nan mai cin faifan CD biyu, wadda ake samu da rahusa a wajen 'yan gwanjo, tana da amfani har yanzu? In tana da shi, wacce za a zaɓa? Ra'ayina a taƙaice shi ne tana da amfani ga wani, ba ga kowa ba, kuma mafi yawan masu saye suna duba abin da bai kamata su duba ba.

Bari mu fara da dalilin da ya sa bakin ya zama biyu. Aikin DJ gaba ɗayansa ya ta'allaƙa ne a kan kada a ji shiru tsakanin waƙa da waƙa. Tun a ƙarshen shekarun 1960 wani mai saka kiɗa a birnin New York na Amurka, Francis Grasso, ya yi suna wajen daidaita bugun faifai biyu, ta yadda ɗaya zai shige cikin ɗaya ba tare da masu rawa sun tsaya ba. A 1973 kuma Kool Herc, haifaffen ƙasar Jamaika, ya riƙa amfani da faifan garmaho biyu a unguwar Bronx domin ya tsawaita wurin da ganga take yin daɗi. Wato yayin da faifai ɗaya yake fita ta lasifika, DJ yana sauraren ɗayan shi kaɗai a kunnensa, yana shirya shi. Da kamfanonin Sony da Philips suka fito da faifan CD a 1982, masu wannan sana'a ba su yi maraba da shi nan take ba, domin na'urorin farko na zaman falo ne: ba a iya ƙara musu sauri, ba a iya rage musu, kuma in ka danna sai sun yi ɗan tunani kafin su tashi. Sai a farkon shekarun 1990 aka fara ganin masu baki biyu da aka ƙera don wannan aiki, irin Denon DN-2000F, daga baya Numark da Gemini da American Audio da sauransu suka cika kasuwa. Siffarsu kusan ɗaya ce: akwati guda mai faɗin inci 19 da aljihun faifai biyu, sai wani falle daban mai maɓallai, an haɗa su da waya.

To, a nan ne masu saye suke shan ƙasa. Mutum zai shiga shago a kasuwar Alaba da ke Legas, ko Sabon Gari a Kano, mai kaya ya jona masa na'ura, fitilu su kama walƙiya ja da shuɗi, a danna wani maɓalli murya ta riƙa amsa-kuwwa, a danna wani ta koma kamar daga cikin rijiya ake waƙar. Shi ke nan, ciniki ya faɗa. Ni a wajena duk wannan kyan ɗan maciji ne. Ban taɓa jin an kori DJ daga aiki don na'urarsa ba ta da amsa-kuwwa ba, amma faifai ya tsallake sau biyu a tsakiyar rawa ya ishi mai gidan ya nemi wani a makon gaba.

Saboda haka abin da za a fara tambaya shi ne jurewa girgiza. Faifan CD da hasken leza ake karanta shi, kuma layin da hasken yake bi ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. A gidan rawa kuwa komai girgiza yake yi: manyan lasifikan ƙasa suna kaɗa tebur, ƙafafun mutane suna kaɗa daɓe, wani ma ya zo neman a saka masa waƙa ya jingina da teburin. Maganin da masu ƙira suka samo shi ne na'urar ta riƙa karatu tana gaba, tana tara sautin 'yan daƙiƙu a ma'ajiyarta, ta yadda in ido ya goce, abin da aka tara zai ci gaba da fita kafin ya dawo kan layi. Wadda ba ta da wannan ma'ajiya, ko kyauta aka ba ka, ajiye ta a ɗaki ka riƙa jin karatu da ita. Kada kuma ka yarda da abin da aka rubuta a jikin kwali. Saka faifai, ka ƙwanƙwasa teburin da hannunka, ka ji da kunnenka.

Bayan wannan sai saurin tashi. Akwai maɓalli da aka rubuta wa CUE, wanda da shi ake sa wa waƙa alama a daidai bugun da ake son ta faro. Faifan CD yana raba kowace daƙiƙa gida 75, kuma na'urar kirki tana ba ka damar matsawa gida-gida har ka tsaya a bakin bugun gangar. In ka danna, dole sauti ya fito a lokacin da yatsanka ya sauka, ba bayan ƙiftawar ido ba. Gwada sau 20 a jere a kowane ɓangare. Waɗannan maɓallai biyu, na alama da na tashi, su ne suka fi shan duka a rayuwar na'ura, su ne kuma suke fara mutuwa a ta gwanjo. In sai ka danna da ƙarfi ko ka karkata yatsa kafin ya amsa, ka san akwai gyara a gabanka, ka cire kuɗinsa daga farashi.

Inda nake son mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni shi ne batun sandar sauri, wato ɗan abin nan da ake ja sama ko ƙasa don ƙara wa waƙa gudu ko rage mata. Kowace waƙa tana da yawan bugun da take yi a minti guda. Kiɗan afrobeats na yanzu yakan zauna a wajejen 100 zuwa 110, amapiano na Afirka ta Kudu ya ɗan ɗara haka, kiɗan house kuwa yakan kai 120 zuwa 128. In waƙar da take fita tana bugu 104, wadda za ta shigo kuma tana 100, sai an ƙara wa ta biyun kashi 4 cikin 100 kafin su jitu. Shahararren injin garmaho Technics SL-1200MK2 na 1979 kashi 8 sama da 8 ƙasa yake bayarwa, kuma da shi aka yi shekara da shekaru ana aiki. Don haka idan mai kaya ya fara yi maka alfahari cewa tasa tana kaiwa kashi 50 ko 100, kada abin ya burge ka. Ba nisan sandar ne abin dubawa ba, laushinta ne. Sandar da take tafiya da ƙananan taku ita ce ta aiki. Ga lissafin: in ka kuskure da kashi 0.1 kacal cikin 100, bayan minti ɗaya waƙoƙin biyu sun rabu da kashi 6 cikin 100 na daƙiƙa. A takarda ba komai ba ne, amma a kunne sai ka ji kamar mata biyu suna daka a turmi ɗaya, taɓarensu suna karo. Na'urorin Pioneer na manyan kulob suna iya tafiya da taku 0.02, yawancin masu arha kuwa 0.1 ne iyakarsu. Ana iya aiki da 0.1, sai dai hannunka ba zai bar wilin gyara ba.

Akwai wani abu da yake tafiya da wannan. Idan aka ƙara wa waƙa gudu, muryar mawaƙi takan sirance, in an rage kuma ta yi kauri. Ƙarin kusan kashi 6 cikin 100 yana ɗaga murya da rabin mataki cur a ma'aunin makaɗa. Ga kiɗan da ganga ta fi yawa ba wanda zai lura, amma mu waƙoƙinmu na murya ne, ko na Hausa ne, ko na Yarbanci, ko na Turancin buroka, kuma mutane sun haddace muryoyin mawaƙansu. Shi ya sa maɓallin kulle murya, wanda yake barin gudu ya canza ba tare da muryar ta motsa ba, shi kaɗai ne a cikin kayan ƙawa nake ganin ya cancanci a ƙara kuɗi dominsa.

Yanzu ga maganar da masu sayar da kayan ba za su gaya maka ba. Idan burinka shi ne manyan gidajen rawa na Legas ko Abuja ko Fatakwal, to wannan na'ura ba ita za ka tarar a can ba. Tun da Pioneer ya fito da CDJ-500 a 1994, sannan CDJ-1000 a 2001 mai babban wili da ake murzawa kamar faifan garmaho, kulob-kulob na duniya suka karkata ga na'urori guda-guda da ake ajiyewa a dama da hagun miksa. A 2009 CDJ-2000 ta zo da wurin saka filashi, a 2020 kuma CDJ-3000 ta fito babu ma bakin saka faifai sam, duk da cewa sunan CD yana nan a jikinta. Yau DJ na babban kulob da filashi da abin sauraro kawai yake zuwa, ko da kwamfutarsa mai manhajar Serato ko rekordbox. Kiɗa ya canza, rawa ma ta canza. Mai baki biyu tun asali ta mai yawo da kayansa ce: ƙaramin kulob da ba shi da nasa kayan, liyafar ɗalibai, walimar kammala karatu, dina ta biki.

Wani zai ce to me ya yi zafi, a sayi ƙaramar na'urar da ake jonawa da kwamfuta mana, a huta. Maganarsa tana kan hanya, kuma wanda ya riga ya mallaki kwamfuta mai lafiya ita nake ba shi shawara. Amma ba kowane ɗalibi ne yake da ita ba, wanda yake da ita ma sau da yawa kundin digirinsa yana ciki, ga shi zai kai ta inda ake zubar da lemo, ake cunkoso, ƙarfe 2 na dare. Sannan akwai wata fa'ida da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta. Manhaja tana da maɓallin da yake daidaita maka waƙoƙi biyu da kansa, tana kuma zana maka sautin a allo, sai ka wayi gari da ido kake aiki ba da kunne ba. Tsohuwar na'ura ba ta da wannan gata. Wanda ya yi wata shida yana daidaita bugu da kunnensa a kanta, duk na'urar da aka tsayar da shi a gabanta daga baya ba za ta ba shi tsoro ba, domin maɓallin alama da na tashi da sandar sauri aikinsu ɗaya ne a ko'ina.

Sai dai ina da sharaɗi guda wanda ba na sassautawa: kada a sayi wadda faifai kaɗai take ci. A nemi ta ƙarshe-ƙarshen zamaninsu, mai karanta MP3 da wurin saka filashi, irin Numark CDN77USB ko Pioneer MEP-7000. Faifan sauti na asali minti 80 yake ɗauka, wato waƙa kamar 20. Shi wannan faifan mai megabait 700, in MP3 mai inganci aka zuba masa, zai ɗauki kamar 70. Filashi ɗan ƙarami kuwa ya ɗauke jakar faifai sukutum. Ban da haka, faifan da ba a yi wa rubutu ba yana ƙara wuya a kasuwa, sababbin kwamfutoci kuma ba sa zuwa da wurin buga shi. Idon leza ma tsufa yake yi, ƙurar hunturu tana ƙara masa, kuma ranar da ya daina gani, filashin ne zai ci gaba da riƙe maka sana'a. A lura dai, yawancin tsofaffin nan filashin da aka tsara a FAT32 suke ganewa, don haka a gwada naka a shagon kafin a biya.

Ranar zuwa kasuwa, tafi da faifanka wanda aka buga a kwamfuta, da wani mai ɗan ƙarzuwa, domin ido mai rauni yakan karanta faifan kamfani sumul amma ya gaza a kan irin waɗanda za ka yi aiki da su. Ka bar ta tana aiki kamar rabin awa, saboda wasu cututtukan sai jiki ya yi zafi suke fitowa. Buɗe aljihunan ka rufe sau da yawa, in ɗaya yana jan ƙafa, robar da take jansa ce ta saki. Tabbatar an haɗa maka da wayoyin da suke sada fallen maɓallai da akwatin, don nemansu daban wahala ce. Ka kuma juya bayanta ka karanta: kayan gwanjo da suka fito daga Amurka wasu na wuta 120 ne, tamu kuwa 230 ce, jonawa ɗaya ta isa ta ƙone. Ko ta dace da wutarmu, kada a haɗa ta da janareta kai tsaye ba sitabilaiza a tsakani.

Rauni ɗaya ya rage wanda babu zaɓin da zai kawar da shi. Baki biyu ne, amma cikin ɗaya ne, wutar da take ciyar da su ma ɗaya ce. Mai na'urori guda-guda in ɗaya ta mutu sai ya lallaɓa da ɗayar, kai kuwa in taka ta ɗauke, duka biyun ne suka tafi lokaci guda. Don haka tun wajen sayen miksa a nemi mai layi 3 aƙalla, a jona waya a na ukun, a ajiye mata dogon haɗin kiɗa na minti 30 ko fiye a shirye, a kuma sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya shigo ta lasifika.