Humra Ta Fi Turaren Feshi

Duk macen da ta tashi a Basunda, kusa da iyakar Habasha a jihar Gadarif, ta ga yadda iyayenmu ke daka sandal da mahalab da farce, su turara su, su jiƙa su a kwalba har su nuna, a ganina bai kamata ta fifita turaren Faransa a kan humra ba. Na jarraba duka biyun. Na feshi yakan tashi da ƙarfi, amma kafin azahar zafin rana ya cinye shi, alhali kuwa humra takan kwana a mayafi. Saboda haka wajibi ne 'yan matanmu su zauna gaban tsofaffi su koyi wannan hikima tun masu ita suna raye.